Daga Gangaren Tudu zuwa dajin Jozani: lissafin guzurin Zanzibar

Gaisuwa ga mutanen Keffi baki ɗaya, na Gangaren Tudu da maƙwabtansu na Tudun Kofa da Unguwar Rimi da Liman Abaji da Goriya, da waɗanda muryar nan ta tarar cikin mota a hanyar Masaka suna komowa daga aiki. Allah ya kawo ku gida lafiya.

Sharhinmu na yau maganar tafiya ce da guzurinta. Duk mai riƙe da babbar waya ya ci karo da tallan nan da ke yawo a Facebook da WhatsApp: farin yashi, shuɗin ruwa, ango da amarya cikin fararen kaya, a ƙasa an rubuta Zanzibar, kwana biyar, ga farashi an ce ya haɗa komai da komai. Tallan ya shigo har zaurukanmu. Matasan ma'aikata, malaman jami'ar jiha da ke nan Keffi, ma'aikatan asibiti, 'yan kasuwar da Allah ya buɗa wa, an fara tambayar juna ko irinmu ma za su iya. Ni dai amsata za a iya, kuma wurin ya cancanci a je. Sai dai kuɗin da aka rubuta a tallan bai kai kuɗin tafiyar ba. Abin da aka ɗauka a hoton kuma, gado da tafkin wanka na otal, akwai irinsa a Abuja. Abin da babu a Abuja, babu a ko'ina a duniya sai can, yana cikin daji, kuma yana cikin mafi araha a duk abin da za ka biya.

Zanzibar tsibirai ne a tekun Indiya, gab da gaɓar Afirka ta Gabas. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ake nufi in an ce wane ya tafi Zanzibar. Tun 26 ga Afrilu, 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu, suna kuma kafa wa baƙi wasu ƙa'idoji na kansu. Kusan duk mutanen wurin Musulmi ne. Hajiya da hijabinta ba za ta zama abin kallo ba, Malam ba zai yi ta tambayar wa ya yanka naman nan ba. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin Unguja akwai masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, kusan shekara 700 kafin Abdu Zanga ya kafa Keffi. Kanumfarin da muke sakawa a kunu da shayi kuwa, Pemba ta daɗe da yin suna a duniya wajen nomansa.

Kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da birnin Zanzibar akwai dajin Jozani, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 2004, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 50. Nan ake zuwa ganin jan birin Zanzibar. Kada mai sauraro ya kawo jan birinmu a ransa, mai gudu a ƙasa yana ɓarnar masara. Wannan ɗan bisa ne. Bayansa ja, kafaɗunsa baƙaƙe, cikinsa fari, fuskarsa baƙa da ɗan haske a hanci da leɓe, ga dogon farin gashi ya kewaye goshi. Yatsu huɗu yake kama reshe da su, babban yatsan dungu ne kawai. Ganye yake ci da ɗanyun 'ya'yan itace, tumbinsa mai ɗakuna ne, shi ya sa nunannen abu mai zaƙi ke cutar da shi, shi ya sa kuma aka hana baƙo miƙa masa ayaba komai tausayin da ya ji. Wani abin mamaki da masana suka rubuta a kansa tun 1997 shi ne yana cin gawayi. Ganyen mangwaro da na wasu itatuwan da aka kawo tsibirin daga waje suna da sinadarai masu wahalar da ciki, gawayin ne ke tsotse su. Birin kan sauko inda aka ƙona itace ya tsinci gawayi ya tauna, 'ya'ya kuma a wurin uwayensu suke koya. Ƙidayar da aka fitar a 2017 ta nuna duk duniya ba su kai 6,000 ba, wato ba su kai mutanen mazaɓa guda a Keffi ba. In suka ƙare a tsibiran nan, sun ƙare ke nan.

A da, manoman ƙauyukan da ke kewaye da Jozani kallon maɓarnaci suke yi masa, don yana shiga gonakinsu. Kuɗin ƙofa ne ya sauya lamarin. An tsara wani kaso na abin da baƙi ke biya ya riƙa komawa ƙauyukan, a rage wa manoman da aka yi wa ɓarna asara, a yi ayyukan raya ƙauye, 'ya'yan yankin kuma su sami aikin yi wa baƙi jagora. Har titin da ya ratsa dajin an yi masa tudun rage gudu don motoci su daina take birai. A 2016 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin jerin wuraren da ake kare halittu tare da mutanen da ke zaune a cikinsu. Na tsaya a kan wannan ne domin mu a Nasarawa ɗaya fuskar labarin muka sani. Bi hanyar Keffi zuwa Akwanga ka dubi buhunan gawayin da aka jera bakin titi. Kowane buhu itace ne da aka kayar. Ba na zargin mai ƙonawa, don ba wanda ya nuna masa yadda itacen zai ciyar da iyalinsa yana tsaye. Ina so ɗan Keffi ya je ya ga da idonsa ƙauyen da ke cin abinci da dajin da bai sare ba, ya dawo ya ba da labari a majalisa da masallaci. Don haka in ka isa ƙofar Jozani, kada ka nemi ragi, kada ka nemi mai shigar da kai ta bayan fage. Biya, karɓi rasit, ka ba jagoranka na goro, ka tsaya nesa da birin kamar yadda ya umarce ka. In kana mura ka haƙura da matsawa kusa, domin cutarmu tana kama su.

Daga tsohon birnin da ake kira Stone Town, wanda aka sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, tafiyar kamar rabin sa'a ce a ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsibirin Changuu. Turawan Ingila sun gina kurkuku a wurin a 1893, amma ba a yi amfani da shi a matsayin kurkuku ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara. Yanzu manya-manyan kunkuru ne a can, irin na Aldabra, namijinsu kan haura kilo 200, wasunsu sun wuce shekara 100 a duniya. Asalinsu guda huɗu ne da gwamnan Seychelles ya aiko kyauta a 1919. Suka hayayyafa har wajen 200 a 1955, sai ɓarayi suka yi ta kwasa suna sayarwa, zuwa 1996 saura bakwai. Sai da aka kewaye su aka sa tsaro suka sake yawaita. Pemba ma tana da nata abin kallo, wasu manyan jemagu da babu irinsu sai can, amma mai zuwa karon farko ya bar ta sai wani jiƙon, don sai ya ƙara wani jirgin da wasu kwanakin.

Na san akwai dattijon da ke sauraro yanzu yana girgiza kai: mutum ya tara miliyoyi don ya je kallon biri da kunkuru, alhali bai sauke farali ba? Baba, maganarka tana kan hanya, kuma ba zan yi musu da ita ba. Wanda kuɗinsa suka kai na kujerar Makka bai je ba, Makka ce a gabansa. Kujerar ta haura naira miliyan 8 a 2025, wanda ya fara tara mata kada ya ɓalli ko kwabo don yawon buɗe ido. Haka wanda ake binsa bashi, da wanda bai biya kuɗin makarantar yara ba, da wanda kuɗin hayarsa ke tafe. Amma ga wanda ya sauke waɗannan nauye-nauye, tafiya a bayan ƙasa don duban halittar Ubangiji abu ne da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kai a wurare da dama. Abin da za mu koya a wurin maniyyata shi ne haƙurin tari. Tun 2020 hukumar alhazai ta ƙasa da bankin Jaiz suka buɗe adashin gata, mutum na zuba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru har kujera ta cika. Da irin wannan haƙurin ake zuwa Zanzibar. Wanda ya karɓi rance a manhajojin bashin nan na waya don ya je hutun kwana biyar, zai shekara yana biyan kuɗin ruwa, ga haramci ga tozarci.

To mu zauna mu yi lissafi, shirin zaune ya fi na tsaye. Takardu ne farko, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara, domin sukan fara daga inda ya kamata su ƙare. Fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira dubu 50 ne daga Satumbar 2024, ya koma dubu 100 daga Satumbar 2025. In kana da shi, duba ranar ƙarewarsa, sai ya kasance da sauran aƙalla wata shida a ranar da za ka shiga ƙasar. Sai biza. Bature daga Jamus ko Faransa yana iya sauka a filin jirgi ya biya a buga masa. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar ba haka ba ne. Tanzaniya ta sa mu cikin jerin ƙasashen da sai an tura takardunsu hedikwatar shige da fice an tantance kafin a amince. Ana nema ta intanet, kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne, hukumar da kanta ta ba da shawarar a nema wata biyu kafin tafiya, ta kuma ce kada a sayi tikiti ko a biya otal sai amincewa ta fito. Ku sake jin wannan, jama'a: biza tukuna, sannan tikiti. Duk ejan da ya ce maka turo kuɗin komai yau, biza ba matsala, kwana uku za ta fito, tambaye shi ya rubuta maka a takarda abin da zai mayar maka in ba ta fito ba. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Tanzaniya tana da ofishin jakadanci a Abuja, daga Keffi sammako ɗaya ne. Zuwa da kai ya fi aike, ka je ka ji ƙa'idar da ake kai a watan da za ka nema.

Bayan biza sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Duk wanda ya fito daga Najeriya za a tambaye shi. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A 2019 gwamnati ta sauya katin zuwa sabo mai lambar da ake tantancewa da na'ura, saboda yawan jabu. Har yanzu akwai masu cewa kawo kuɗi a ba ka kati ba sai an tsira maka allura ba. Kada ka yarda. A damunar 2019 cutar shawara ta ɓarke a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, cikin waɗanda suka rasu har da ɗaliban da suka je yawon buɗe ido Yankari. Allah ya jiƙansu. Allurar nan don ranka ce kafin ta zama don jami'in filin jirgi. Akwai kuma kuɗin da tallan ba ya faɗa: daga 1 ga Oktoba, 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo sayen inshora daga kamfanin inshorarta, dala 44, ko da yana da wata daga gida. Haɗa ka gani. Miji da mata da ba su da fasfo, naira dubu 200 ke nan, biza da inshora dala 188, ba su ma tambayi kuɗin jirgi ba tukuna.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a lissafin ɗan Najeriya. Albashinka da naira yake zuwa, tafiyarka kuwa da dala ake auna ta. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da Babban Banki ya sake ta, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya fara tari da naira a farkon 2023 yana ganin ya kusa, sai ya wayi gari kuɗin nasa ba su kai sulusin tafiyar ba, ba tare da ya taɓa ko sisi ba. Saboda haka rubuta lissafinka da dala tun ranar farko. Mu ɗauka, don misali kawai, komai da komai ya tsaya maka a dala 1,500, dala kuma tana naira 1,500. Naira miliyan 2 da dubu 250 ke nan. In dala ta ƙaru da naira 150 kacal kafin ka tashi, an ɗora maka dubu 225, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata uku, alhali ba ka ƙara ko kwana guda a otal ba. Maganin wannan shi ne duk wata in albashi ya shigo, ko an kwashe maka adashi, ka mayar da rabon tafiyar dala nan take, ka zuba a asusun dala na banki. Dala 100 a wata, cikin wata 15 ka haɗa. Kada ka ajiye a ƙarƙashin katifa, kada ka ba wani ya juya maka. Bankuna suna sayar wa matafiyi kuɗin guzuri da ake kira PTA in ya nuna biza da tikiti, amma a Fabrairun 2024 Babban Banki ya ba da umarnin a riƙa zubawa a kati, a daina miƙa tsaba. Tambayi bankinka tun da wuri ko katin naka zai yi aiki a can. In kuma wajen 'yan canji za ka, a Zone 4 na Abuja ko wani wuri, ka zaɓi sababbin takardu masu tsabta, don tsohuwar dala ko mai yagewa sukan ƙi karɓa. Da ka sauka ka canza wani abu zuwa shilin na Tanzaniya, tun Maris 2025 dokarsu ta ce cinikin cikin gida da shi za a yi. A kan jimillar lissafin kuma ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar na ko-ta-kwana, ka ɗauka ba naka ba ne sai ka dawo.

Tikitin jirgi shi zai cinye kaso mafi girma. Daga Abuja hanyar da aka fi bi ita ce ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian Airlines, a sauya jirgi a can zuwa Zanzibar. Wani lokaci sauka a Dar es Salaam ya fi sauƙi, daga nan a shiga jirgin ruwa mai sauri, tafiyar wajen sa'a biyu. In haka ka zaɓa, sayi tikiti a tagar ofishin kamfanin, ka kauce wa 'yan kamasho da za su tare ka a bakin tasha, kuma ka san baƙo ya fi ɗan ƙasa biya. Kwatanta farashi na makonni kafin ka saya, ka duba kilo nawa aka yarda maka na kaya da sa'o'in da za ka yi zaman jira a hanya, don abincin filin jirgi tsada gare shi. Akwai kuma wani ɓangare na tafiyar da ba ejan da zai lissafa maka, shi ne daga ƙofar gidanka a Gangaren Tudu zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Keffi zuwa Abuja wajen kilomita 50 ne, filin jirgin kuma yana can ɗaya gefen birnin, bayan Lugbe. Kowa a nan ya san abin da cunkoson Mararaba da Nyanya ke yi wa mai sauri ranar Litinin da safe. Ana son ka isa sa'a uku kafin tashi. Ko dai ka fita da an idar da sallar asuba da motar da ka yi shata, ko ka kwana a wurin ɗan'uwa a Abuja. Sa kuɗin shatar zuwa da dawowa a takarda. Wanda jirgi ya tashi ya bari saboda ya tsaya jiran mota ta cika a tasha, tarar sauya tikiti kaɗai ta ninka abin da ya so ya rage.

Lokacin tafiya ma kuɗi ne. Daga tsakiyar Maris zuwa Mayu babbar damunarsu ce, otal kan yi araha, amma ruwa na iya hana ka fita, wasu wuraren ma rufewa suke yi. Yuli da Agusta da ƙarshen Disamba Turawa ne ke cika tsibirin, komai ya hau, ga shi dogon hutun yaranmu a Agusta yake faɗowa. In kana da zaɓi, Yuni ko Oktoba ko Fabrairu sun fi. Masauki kuwa, ni ban ga dalilin da mai albashi zai biya otal na bakin ruwa a Nungwi ko Kendwa ba, inda dare ɗaya zai iya cinye kuɗin kwana uku, ga mashaya ga shigar da ba za ka so iyalinka su yi ta gani ba. Kwana biyu ko uku a ƙaramin masauki a Stone Town, daga nan ka je Changuu da gonakin kayan ƙamshi. Sannan kwana biyu a gabas, Paje ko Jambiani. Jozani a kan hanyar zuwa can yake, sai ka shirya da direba ya tsaya da kai da safe, lokacin da birai ke kiwo, ka ga ka huta da kuɗin mota na zuwa na musamman. Mai tafiya shi kaɗai da 'yar jaka yana iya shiga motar haya da suke kira daladala daga kasuwar Darajani, da kuɗi ƙalilan. Ka tambaya ko farashin ɗaki ya haɗa da harajin da ake karɓa kan kowane baƙo kowane dare. Abinci, ci inda 'yan gari ke ci, shinkafa da kifi da shayi mai kayan ƙamshi. A dandalin Forodhani da ake gashe-gashe da yamma, tambayi farashi kafin a ɗora maka a faranti. Kada ka sa ledar cefane a kayanka, an haramta ta a Tanzaniya tun Yunin 2019. Agogonsu yana gaba da namu da sa'a biyu, kuma a bakin mutanen gari ƙidayar sa'o'i daga fitowar rana take farawa, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu. In mai jirgin ruwa ya ba ka lokaci, ku nuna wa juna a fuskar agogo. A hagu suke tuƙi, mai tsallaka titi ya fara duban damansa.

Maganar ruwa ba zan wuce ta da sauri ba. Mu mutanen tudu ne. Wanda ya iya wanka a kogin Antau na nan Keffi bai san teku ba. A gabashin Unguja ruwan kan janye nesa har ka ga mata suna aikin gonakin ciyawar teku a inda ɗazu ruwa ne, bayan 'yan sa'o'i ya dawo ya rufe wurin. Kada ka bi shi ciki da yara ba ka tambayi lokacin dawowarsa ba. A Satumbar 2011 jirgin Spice Islander da aka yi wa lodi fiye da kima ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, a Yulin 2012 wani mai suna Skagit ya kife a hanyarsa daga Dar es Salaam, rayuka masu yawa suka salwanta. Mu ma mun sha jin irin wannan a Neja da Kebbi. Duk jirgin da ba a ba ka rigar kariya daga nutsewa ba, ko ka ga an cika shi, sauka, ko da ka riga ka biya. A Kizimkazi za a yi maka tayin zuwa ganin dabbar ruwan nan da ake kira dolfin. Wasu masu jiragen sukan yi musu taron dangi, su bi su da gudu don baƙi su yi tsalle cikinsu, abin da ke hana su kiwo da shayar da 'ya'yansu. Zaɓi wanda zai kashe inji ku kalla daga nesa, ko da ya fi tsada. Kada kuma ka sayi ƙoƙon kififfiya ko murjanin da aka ɓalle daga ƙasan teku da sunan tsaraba.

Tunda na ambaci tsaraba, ita ma a ba ta layinta a takarda, don ita ce ke karya lissafin Bahaushe a rana ta ƙarshe. Ba za ka dawo hannu rabbana ba, ga Inna, ga surukai, ga abokan aiki, ga maƙwabta. Rubuta sunayensu tun a gida, ka yanke adadin da ba za ka wuce ba. Kanumfari da kirfa da masoro a Darajani ba su da nauyi, ba su da tsada, kuma ba gidan da ba za a yi murna da su ba. Sannan kafin ka fita ka bar wa iyali kuɗin cefane cikakke, ka ware na watan da za ka dawo. Mutane da yawa suna lissafin tafiya su manta akwai ranar komowa, sai ka ga wanda ya sauka daga jirgi ranar Lahadi yana neman rancen kuɗin mota ranar Talata.

Wanda bai taɓa fita da iyali yawon buɗe ido ba, ina ba shi shawara ya fara gwada hannunsa a gida. Farin Ruwa na nan a ƙaramar hukumar Wamba, cikin jiharmu. Yankari na Bauchi, da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki, tun 1962 aka buɗe ta ga jama'a. Rubuta abin da kake zaton za ka kashe, ka je ka dawo, ka gwada da abin da ka kashe a zahiri. Tazarar da ka gani tsakanin biyun za ta nuna maka halinka da kuɗi a hanya, da naira ka koyi darasin, ba da dala ba. Yaranka kuma za su fara sanin namun dajin ƙasarsu kafin na ƙasar wasu.

Mai sauraro, in ka ƙudura zuwa Zanzibar baɗi, aikinka na wannan mako bai wuce uku ba: ɗauko fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa, je ka yi allurar shawara, ka buɗe asusun dala ka zuba na farko. Kuɗin ejan da na tikiti su jira sai biza ta fito. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya.